Waiwaye: Yadda Hayaƙin Ƙwayar Katako Ya Zama Sifili a Takarda

Ƙwayar katako garin itace ne da ake busarwa, a niƙa, sannan a matse shi ta ƙananan ramukan ƙarfe, ya fito kamar guntun fensir mai kaurin milimita 6 zuwa 8. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, don haka sai an busar da shi har laimarsa ta koma ƙasa da kashi 10 cikin 100. Galibi ba a sa masa gam. Zafin matsi ne ke narkar da danƙon da ke cikin itacen, ya haɗe ƙwayar. Da farko dai dabara ce ta amfana da dussar da masu yankan katako ke zubarwa, ana ɗumama gidaje da ita a ƙasashe masu sanyi irin su Suwidin, bayan tashin farashin mai na shekarun 1970.

Rigimar da ake yi kan hayaƙin ƙwayar daga littafin lissafi ta faro, ba daga daji ba. A ƙa'idar da ƙasashe ke bi wajen kai rahoton hayaƙinsu ga Majalisar Ɗinkin Duniya, kabon ɗin itace, wato iskar da ke fita in an ƙona shi mai ɗumama duniya, ana rubuta shi ne a ƙasar da aka sare bishiyar, ba inda aka ƙona ta ba. Manufar ita ce kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Amma abin da hakan ya haifar shi ne, tashar lantarkin da ke ƙona itace tana rubuta sifili a bakin bututun hayaƙinta, ko da hayaƙin na tashi a gaban idon kowa. Da Tarayyar Turai ta kafa dokar 2009 ta cewa kashi 20 cikin 100 na makamashinta ya fito daga hanyoyin da ake sabuntawa kafin 2020, sai itace ya shiga sahun rana da iska, tallafi kuma ya biyo baya.

Tashar lantarki ta Drax da ke kusa da Selby a arewacin Ingila ita ce babban misali. Don kwal aka gina ta. Daga 2013 zuwa 2018 ta mayar da huɗu daga cikin injunanta shida zuwa ƙwayar katako, tana ƙona tan miliyan shida zuwa bakwai a shekara, mafi yawa daga kudu maso gabashin Amurka da Kanada. Wannan buƙata ta fi ƙarfin dussa kaɗai, dole gungume ma ya shiga injin niƙa.

A nan ne lissafin ke karyewa. A bakin bututu, itace na fitar da iskar kabon daidai da kwal, ko ma ya ɗan fi shi, a kan kowane ma'aunin lantarki. Masu kare harkar na cewa bishiyar da za ta tsiro za ta shanye abin da aka fitar. Haka ne, amma yaushe? Ƙonawa minti ce, girman bishiya kuwa shekaru ne, tsakaninsu ne ake kira bashin kabon. Binciken masanin nan na Amurka John Sterman da abokan aikinsa a 2018 ya ƙiyasta shekara 44 zuwa 104 kafin a biya bashin, gwargwadon irin dajin, kuma da sharaɗin an bar dajin ya sake tsayawa. Dussa da rassan da za su ruɓe ko a ƙona su a banza bashinsu gajere ne. Tsohon daji kuwa, mai sarewa ba zai ga ƙarshen bashin ba. Ga kuma man da busarwa, niƙa da jirgin ruwa ke ci.

Akwai bambancin da ake yawan tsallakewa. Tukunyar ɗumama gida ta zamani na mayar da kusan kashi 85 zuwa 90 na ƙarfin ƙwayar zuwa zafi mai amfani. Tashar da lantarki kawai take bayarwa ba ta kai kashi 40 ba, sauran ya bi iska. Ƙwaya iri ɗaya ce, amma riba ba ɗaya ba.

A 2022 shirin Panorama na BBC ya zargi Drax da saran tsofaffin dazuzzuka a yammacin Kanada, kamfanin ya musanta. A Agustan 2024 ya amince ya biya fam miliyan 25, bayan Ofgem, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi a Birtaniya, ta gano kurakurai a bayanan da ya bayar kan itacen Kanada. A shekarar ce kuma Enviva, kamfanin ƙwayar katako mafi girma a duniya, ya nemi kariyar kotu saboda bashi. A Fabrairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta tsawaita tallafin Drax daga 2027 zuwa 2031, amma ta rage shi da kusan rabi, ta taƙaita lokacin aikin da za a tallafa, ta kuma hana tallafi ga itacen tsohon daji. Sifilin bakin bututu dai ba a taɓa shi ba.