Ma'anar "fokas": me ya sa muke cewa "Me kake so?"

A kasuwar Sabon Gari, nan Zariya, wani mai sayar da kayan mota wanda bai tashi da Hausa ba ya tare ni da fara'a: "Alhaji, me kana so?" Na gane shi sarai, amma kunnena ya ƙi karɓa. Bahaushe, ko bai taɓa shiga aji ba, "me kake so?" zai ce. Abin da ya mayar da "kana" ya zama "kake" shi ne masana harshe ke kira fokas, wato a ɗaga wani yanki na jimla a nuna shi ne maganar, sauran duk rakiya ne.

Ga misali. "Yara sun sha kunu" labari ne kawai. To, uwa ta dawo daga unguwa ta tarar da ƙwarya wayam, ta ce, "Su wa suka sha kunun nan?" Aka ce, "Yara ne suka sha." Dirka "ne" ta shigo, "sun" ya koma "suka", abin da muka koya a makaranta da sunan shuɗaɗɗen lokaci na biyu. Da "Me yara suka sha?" ta ce, sai kunu ya baro ƙarshen jimla ya dawo gaba: "Kunu ne suka sha." Haka "suna" ke zama "suke", "yana" ya zama "yake".

Abin da ya fi burge ni shi ne tambaya da amsarta riga ɗaya suke sawa. Wa, me, ina, yaushe, kowacce gurbi take buɗewa a farkon jimla, amsa kuma ta zo ta zauna daidai wurin. Masana Hausa Paul Newman a littafinsa na nahawu na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 duk sun tsaya kan wannan dangantaka.

Ba kowane harshe ke bin wannan hanya ba. Tsarin Yarbanci na kusa da namu, da kalmarsa "ni" mai aiki kamar "ne". Sinanci kuwa ba ya ɗaga kalmar tambaya, inda amsa za ta zauna nan yake barinta. Tambayar i ko a'a ita ma da tata hanyar: Larabci "hal" a farko, Japananci "ka" a ƙarshe, mu kuma mu ɗaga murya, ko mu sa "shin" ko "ko".

Mu Zazzagawa an san mu da sa "ne" inda Bakano zai ce "ce". Amma a kan "suka" da "suke", daga Samaru har Ƙofar Doka, bakinmu ɗaya da nasa.