Daga rake zuwa masaƙa: yadda tsibirin Morishus ya raba ƙafa

Ina ne Morishus, kuma me ya haɗa Kebbi da ita?

Tsibiri ce a tekun Indiya, gabas da Madagaska, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Da ta samu 'yanci daga Ingila a 1968, sama da kashi 90 cikin ɗari na abin da take sayarwa waje sukari ne. Manomin fadamar Argungu da cinsa da suturarsa ke rataye a wuyan farashin buhun shinkafa ya san irin wannan zama.

Buɗe ƙofa ta yi kayan waje suka kwararo?

Ko kusa, kuma nan masu wa'azin sakar wa kasuwa mara suke tsallakewa. A 1970 ta yi dokar da ta yafe harajin shigo da zare da injuna ga duk masana'antar da za ta ɗinka tufa ta fitar waje, amma kasuwar cikin gida ta bar ta da katangarta. Attajiran Hon Kon suka zo da kekunan ɗinki, mata suka cika masaƙu. Yarjejeniyar Lome ta 1975, wadda Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik, kuma ta ba sukarinta farashi mai tsoka a Turai, sai masu gonakin rake suka juya ribar cikin masaƙu da otal-otal na bakin teku. Ko tukar raken ba a zubarwa, ƙona ta ake yi a samu lantarki.

To yaushe ta saki?

Sai da uwar bari ta zo. Gatan tufafi, wato ƙayyade yawan tufafin da manyan abokan gasarta ke iya kaiwa Turai da Amurka, ya ƙare a 2005, Turai ta zaftare farashin sukari da kashi 36, sannan gwamnati ta rage kuɗin fito, ta mayar da haraji kashi 15 bai ɗaya.

Ta tsira ke nan?

Da saura. Korona ta hana baƙi zuwa a 2020, tattalin arzikin ya tsuke da kusan kashi 15.

Mu fa a nan?

Mun ga namu gatan: rancen noman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, da rufe iyakoki a 2019. An samu injinan casa, ba musu. Amma albasar Aliero na ruɓewa don rashin wurin ajiya, kifin Yauri kuwa har yanzu banda ce gatansa.