Kufan sansanonin yara na Tarayyar Sobiyet

Sansanonin Fayoniya wurare ne da Tarayyar Sobiyet ta tanada domin hutun yara 'yan makaranta a watannin zafi, daga Yuni zuwa Agusta. Akasarinsu a daji aka gina su, kusa da kogi ko tafki. An kafa ƙungiyar Fayoniya, wato ƙungiyar yara ta 'yan kwaminis, a 1922, sansanin Artek na Kirimiya kuma, wanda ya fi kowanne suna, an buɗe shi a 1925. A shekarun 1970 sansanonin sun kai kusan 40,000, miliyoyin yara na zuwa kowace shekara.

Ba gwamnatin tsakiya ke riƙe da yawancinsu kai tsaye ba. Masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago ne ke gina su domin 'ya'yan ma'aikatansu, iyaye su biya ɗan abu kaɗan, yaro ya yi kamar mako uku ya dawo. Wannan tsari shi ya zama ajalinsu. Da Tarayyar ta wargaje a 1991, masana'antu da dama suka durƙushe, waɗanda suka tsira kuma ba su da kuɗin ciyar da yara a daji. Aka sallami masu gadi, ɓarayin ƙarfe suka kwashe bututu da waya, dusar ƙanƙara ta karya rufi.

Mai shiga irin wannan kufai yau a Rasha ko Yukiren ko Belarus kusan abu ɗaya zai tarar, domin fasalin ginin bai cika bambanta ba: filin fareti da sandar tuta, babban ɗakin cin abinci, jerin ɗakunan kwana da gadajen ƙarfe, da gumakan yara masu busa ƙaho, wasu ba kai. Zanen bango na gutsattsarin tayil ne ya fi jure ruwa da sanyi, shi ne kuma masu ɗaukar hoto suka fi nema. Hatsarin ba na aljanu ba ne, duk da labaran da ake bazawa. Ruɓaɓɓen daɓen katako ne, da ramukan magudanar ruwa da aka sace murafensu ciyawa ta rufe, da ƙurar kwanon rufi na asbestos mai lahani ga huhu. Galibin filayen kuma suna da masu su.

Wani sanannen kufai mai kama da waɗannan shi ne Izumrudnoye na Yukiren, wurin hutun ma'aikatan tashar nukiliya ta Cernobil da iyalansu, a dajin da ke gefen kogin Pripyat. A da ƙananan ɗakunan katako ne a wurin, an zana musu dabbobin katun a bango. Bayan fashewar da aka yi a tashar ranar 26 ga Afrilu 1986, aka kwashe mutane daga kewayen kilomita 30, wurin ya zama kufai. A dajin nan akwai ƙarin hatsari: sinadarin siziyom-137 mai fitar da tururin nukiliya, wanda sai bayan kusan shekara 30 rabinsa ke gushewa, yana taruwa a gansakuka da naman kaza da ruɓaɓɓen ganye. Shi ya sa ake hana baƙi zama a ƙasa, da cin abinci a fili, da ɗaukar wani abu su fita da shi. An buɗe yankin ga masu yawon buɗe ido a hukumance a 2011, ko da yake masu satar shiga da ƙafa ba su daina ba.

Gobarar daji ta Afrilun 2020 ta cinye ɗakunan Izumrudnoye. A Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka mamaye yankin har zuwa ƙarshen Maris, aka rufe shi ga masu ziyara, kuma akwai fargabar nakiyoyin da aka binne a dajin.