Darussan Ilimin Bai-Ɗaya a Kwalejojin Al'umma na Amurka

Darussan ilimin bai-ɗaya su ne kwasa-kwasan da ɗalibi yake farawa da su a kwalejin al'umma ta Amurka, kowane fanni kuwa yake son ya ƙware a kai. Mai neman aikin jinya da mai son zama akawu da mai burin injiniya duk aji ɗaya suke zama a shekarar farko, suna koyon rubutun Turanci, lissafi, kimiyya tare da aikin ɗakin gwaji, tarihi, nazarin halayyar ɗan Adam, da yadda ake jawabi a gaban jama'a.

Kwalejin al'umma makaranta ce ta shekara biyu, galibi ta gwamnati, wadda take buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare, kuɗinta kuma bai kai na jami'a ba. Ɗalibanta da yawa ma'aikata ne, wasu masu iyali, wasu kuma su ne na farko a gidansu da suka wuce sakandare. Ƙaramin digirin da take bayarwa yana buƙatar kiredit (ma'aunin yawan karatun da ɗalibi ya kammala) wajen 60, kuma ga mai niyyar wucewa jami'a, fiye da rabin wannan adadi na darussan bai-ɗaya ne. Kwas mai kiredit 3 yakan ci awa uku a mako, tsawon zango ɗaya na mako 15 ko 16.

Asali

Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida, ita ce mafi tsufa cikin irin waɗannan kwalejoji na gwamnati. William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago, yana cikin waɗanda suka assasa ta, domin a ganinsa shekara biyu na farkon jami'a share fage ne, ana iya yin su kusa da gida. A 1945 Jami'ar Harvard ta fitar da rahoto kan ilimin bai-ɗaya a cikin al'umma mai 'yanci, sannan a 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya naɗa kan ilimi mai zurfi ya yaɗa sunan kwalejin al'umma, ya kuma nemi a ba kowane ɗan ƙasa ilimin da zai iya sauke haƙƙin zaman tare da shi. Wannan tunani ya iso Najeriya ta hanyar Jami'ar Nsukka, wadda aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan. Can aka fara darussan da ɗaliban jami'o'in Najeriya suke kira GST.

Matsalar wucewa jami'a

Amfanin waɗannan darussa ya rataya ne a kan ko jami'a za ta amince da su. Ɗalibi yakan ci kwas da kyau, ya je jami'a a ce masa bai dace da tsarinta ba, sai ya sake biya ya maimaita. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta, a rahotonsa na 2017, cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Ga wanda yake aikin dare yana karatu da rana, wannan asara ba ta takarda ba ce kawai. Watanni ne na rayuwarsa da kuɗin da ya rage daga bakin iyalinsa.

Jihohi sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Texas ta tsara kwasa-kwasai na kiredit 42 waɗanda dole kowace jami'ar gwamnati a jihar ta karɓa dunƙule. Florida ta ba kwasa-kwasanta lamba iri ɗaya a duk makarantun gwamnati. Kalifoniya, mai kwalejoji 116, ta haɗa tsare-tsarenta na darussan bai-ɗaya na masu wucewa jami'a wuri ɗaya daga 2025.

Darussan gyara

Lissafi da rubutun Turanci su ne inda aka fi yin tuntuɓe. A da, jarrabawar tantancewa ta rana ɗaya takan tura ɗalibi ajin gyara na zango biyu ko uku, wanda ba ya ƙara masa kiredit ko ɗaya, kuma da yawa sukan gaji su bar makaranta kafin su iso kwas na ainihi. Jihar Tennessee ta sauya salo a 2015: ɗalibi ya shiga kwas ɗin kai tsaye, a haɗa masa da ƙarin awoyin taimako. Kalifoniya ta kafa doka a 2017 wadda ta sa a riƙa duba sakamakon sakandare wajen raba ɗalibai azuzuwa. Haka kuma kwalejoji da dama sun daina tilasta wa kowa aljabra, suna barin wanda fanninsa bai buƙace ta ba ya ɗauki ilimin ƙididdiga a madadinta.