Wai da gaske akwai aljanu a ramin zinare da kogon dutse?

Duk sanda hira ta biyo ta kan yaran da ke tafiya Birnin Gwari haƙar zinare sai ka ji an sako maganar aljanu, wai zinaren nasu ne, wai in ka shiga ba tsarki sai ya gudu. Ga tambayoyin da aka fi yi da abun da zan iya cewa a kai.

Aljanun suna nan ko babu?

Aljani dai akwai shi, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, kuma an ruwaito hanin yin fitsari a rami, wasu malamai suka ce saboda mazauninsu ne. Dama can Bahaushe yana ɗaukar dutse wajen iskoki, ga Dala da labarin Tsumburbura a Kano, ga Kufena nan Zariya. Amma fatalwa, a ce wanda rami ya rufta da shi ya dawo yana kuka da dare, wannan malamanmu ba su yarda ba, mamaci yana barzahu.

Mu kaɗai ke da irin labarin nan?

Ina! Masu haƙar kuza a Konwol ta Ingila sun yarda akwai wasu ƴan ƙananan halittu da ke ƙwanƙwasa bangon rami, har ɓawon abincinsu suke bar musu. A Potosi ta Bolibiya kuwa gunki ne a cikin ramin azurfa mai suna El Tio, suna ba shi taba da giya da ganyen koka don ya bar su su fito da rai, kuma har yau ana yi.

To ƙwanƙwasar da ake ji fa?

Galibi dutse ne ko katakon da aka tokare rami da shi yake tsagewa saboda nauyi. In ka ji haka, musamman da damina da ƙasa ta sha ruwa, fita kawai, rufta ce ke tafe.

Wanda ya shiga lafiya aka fito da gawarsa ba ko ƙwarzane, shi ma ba aljani ba ne?

Nan ne wallahi raina ke ɓaci, don nan aka fi rasa yara. Rami mai zurfi iskar shaƙa tana ƙaranci a ƙasansa, wata iska mai nauyi ta kwanta can ba launi ba wari, sannan a zo a kunna janareta ko injin jan ruwa a ciki ko a bakin ramin, hayaƙin ya sauka, mutum ya fara jin jiri da ciwon kai, ƙafa ta mutu, wani har ya riƙa gane-gane, wanda Allah ya sa ya tsira sai ya fito yana rantsuwa wani abu ne ya danne masa ƙirji. Ba ƙarya yake ba, abun da ya ji kenan. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san wannan, fitila suke zurawa da igiya, in ta mutu ba mai sauka, duk da fitilar ba ta nuna gubar hayaƙin inji. Turawan Ingila kanari suke shiga da shi ramin kwal har 1986, in tsuntsun ya faɗi kowa ya ruga. Haka a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum, suna ta jijjiga kamar an shafe su, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gida.

Kawunan mutane da ake cewa ana tonowa fa?

Wannan a jiharmu ta Kaduna ya faru. A 1928 masu haƙar kuza a Nok, ƙasar Jaba, suka tono sassaƙen yumɓu, daga baya wani kan mutum na yumɓu ma sai da aka kafa shi a gona don korar tsuntsaye kafin wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gane darajarsa. Aikin hannun mutane ne da suka rayu fiye da shekara 2000 da suka wuce.

In abokin aiki ya faɗi a ƙasan rami ya za a yi?

Don Allah kar ka dira bayansa, haka ake rasa mutum uku a rami ɗaya. A kashe injin tukuna, a hura iska ciki, mai sauka a ɗaura masa igiya a ƙugu mutane na riƙe a sama, yana cewa kaina a jawo shi. Wanda aka fito da shi a yi masa addu'a a mota ana hanyar asibiti, kar a tsaya jiran mai ruƙiyya.