Katanga Biyu a Kufai: Tambayoyi Kan Ginin Tuna Baya

Duk wanda ya taso a ƙauyukan Kano ko Jigawa ya san kufai: gari ya tashi, sai kuka da tsohuwar rijiya da fasassun tukwane a cikin gona. Irin wannan wuri ya dace da aikin fasaha na ginin ƙasa, wanda ake ginawa da sanin cewa ba zai dawwama ba.

Wane irin gini ne wannan?

Abin kallo ne a fili, wanda mutum zai zagaya, ya taɓa. A ce a wani kufai a ƙasar Rano, a tayar da katanga biyu masu tsayin mutum daidai inda dattawa suka nuna cewa nan zauren mai unguwa yake. Ɗaya a riƙa yi mata yaɓe duk shekara, ɗayar a bar wa damina.

Ba gunki ba ne?

A'a. Babu siffar mutum ko dabba. Zanko ne da dagi, adon da maginanmu suka gada. Duk da haka a fara zama da mai gari da liman kafin a haƙa tushe.

Da me ake yin sa?

Da abin da ke wurin. A samu jar ƙasa, a jiƙa, a zuba ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini yana jera shi tsini na kallon sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba ya ɗora sabon layi sai na ƙasa ya sha iska. Gaggawa ce ke tsaga katanga. Shi ya sa aikin na rani ne, bayan an gama girbi.

Katangar da za a raya ana shafe ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. In za a yi ƙofa, azarar giginya ce abin sawa, domin gara ba ta cika cin ta ba.

Me ya hana a sa siminti a huta?

A ganina siminti zai kashe maganar gaba ɗaya. Ku dubi ganuwar Kano, wadda aka fara zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. Ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye saboda jama'a na fitowa suna gyara ta. Da aka daina, ruwa da masu ɗibar ƙasa suka ci wurare da dama. Zanen mutanen da da ke jikin Dutsen Habude na Birnin Kudu, dutse ne ya yi masa rumfa. Ginin ƙasa kuwa ba shi da rumfa sai hannun mutane. Wannan bambancin ne katangun biyu za su nuna wa yaron da ya zo kiwo, ba tare da an yi masa bayani ba.

To idan wadda aka bari ta zube fa?

Kada a kwashe. A bar tudun ƙasar a gefen 'yar'uwarta, ciyawa ta fito a kai. Ranar yaɓe ta gaba a yi gayya, a kawo tsofaffin da iyayensu suka zauna a wurin, su faɗi sunayen gidajen ɗaya bayan ɗaya, matasa na riƙe da ƙasa a hannu.