Me Ake Nufi da Warkarwa ta Ruhu?

A wa'azi da taron addu'a ana yawan ambaton warkarwa ta ruhu, kuma da yawa suna ɗauka ciwon jiki ake nufi, wanda ke tafiya in an ɗora wa mutum hannu. Maganar ta fi haka zurfi. A bakin Kirista, warkarwa ta ruhu ita ce gyaruwar zumunci tsakanin mutum da Allah bayan wani abu ya ɓata shi, ko zunubin da aka ɓoye, ko riƙo a zuciya, ko baƙin cikin da ya sa addu'a ta yi nauyi a baki.

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma a cikinsa kalma ɗaya, sozo, tana ɗauke da ma'anar ceto da ta warkarwa gaba ɗaya. A Luka sura 17, kutare goma sun roƙi Yesu jinƙai, duka suka tsarkaka a kan hanya. Ɗaya ne kawai ya komo, Basamariye, ya faɗi a gabansa yana godiya, kuma shi kaɗai Yesu ya ce wa bangaskiyarsa ta warkar da shi, da wannan kalmar. Taran sun tafi da lafiyar fata. Shi kuwa ya haɗa da sanin wanda ya warkar da shi. Haka ma shanyayyen da mutum huɗu suka zura ta rufin gida a Kafarnahum, a Markus sura 2: da gafarar zunubi Yesu ya fara, kafin ya ce masa ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa.

Yawanci abin yana farawa ne da daina ɓoyo. Dauda ya faɗa a Zabura 32 cewa lokacin da ya yi shiru da laifinsa, har ƙasusuwansa sun lalace, sai da ya furta ya sami sauƙi. A Zabura 51, bayan annabi Natan ya tsare shi a kan Batsheba, matar wani da ya yi zina da ita, bai tsaya ga neman yafiya ba, tsarkakakkiyar zuciya ya roƙa a halitta masa. Wasiƙar Yakubu 5:16 ta ƙara da cewa masu bi su furta wa juna zunubansu, su yi wa juna addu'a domin su warke. Ni dai nan ne ya fi mini wuya, don faɗa wa Allah a ɗaka ya fi sauƙi a kan buɗe baki gaban ɗan'uwa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ce wa majinyaci rashin bangaskiya ne ya hana shi tashi, ko a hana shi zuwa wurin likita. Manzo Bulus da kansa sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Amsar da ya samu, a 2 Korintiyawa sura 12, ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, kuma da ƙayar a jikinsa ya ci gaba da wa'azi.